Kawu Sule da Wayar da Ba Ta da Takarda

Duk wanda ya san Kawu Sule ya san ba ya iya wuce waya. Ba wayar hannu nake nufi ba, wannan har ya koma ga Allah bai yarda da ita ba. Wayar wuta nake nufi, mai roba a jiki. In ya shigo gidanka, kafin ku gama gaisawa idonsa ya riga ya kama wata a jikin bango. Sai ka ga ya miƙe, ya ɗora yatsa a kanta, ya fara bi. Ya bi ta bayan kujera, ya bi ta ƙarƙashin labule, in ta shige uwar ɗaki ya tsaya ya yi sallama a ba shi hanya. Tambayarsa kullum guda ce: "Ina ta fito, ina za ta?"

Aikin layukan tarho ya yi har ya yi ritaya, tun zamanin da tarho ke da igiya. Aikin ya ƙare, halin ya ƙi ƙarewa. Ni 'yar ƙanwarsa ce, kuma sunan mahaifiyarsu aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kirana da komai ba sai "Uwata". Wannan ya ba ni ikon yi masa faɗa. Na yi ta yi kuwa, sai dai ban taɓa ganin ranar da faɗan ya yi amfani ba.

Wasunku suna nan ranar walimar saukar karatun 'yata a gidana na Badawa. Malam yana tsakiyar nasiha a lasifika, sai muka ji ɗif. Bakinsa na motsi, ba a jin komai. Na zagaya bayan rumfa, sai ga Kawu a tsugune da waya a hannu.

"Kawu, me ka yi?"

"Wannan na ga ba ta da aiki."

"Ita ce fa ta lasifikar."

Ya dubi wayar, ya leƙa ya dubi malamin da ke ta motsa baki. "To madalla," in ji shi. "Ga shi mun gano aikinta."

Hanyar bincikensa ke nan. In kana son sanin aikin waya, cire ta, wanda abin ya shafa zai yi magana.

To, sai maganar motarsa. Wata doguwar tsohuwar mota ce ruwan toka, da yake kira Dattijuwa. Shi ne mutum na huɗu da ya mallake ta, kuma kowane daga cikin ukun farko ya bar mata tarihi a ciki. Likitan da ya fara sayenta ya sa rediyo. Na biyu ya cire rediyon ya sa wani, ya ƙara ƙararrawar ɓarayi. Na uku mai son ado ne, ya jera mata fitilu har a ƙarƙashi. Duk waɗannan kayan sun mutu an yar tun tuni, amma wayoyinsu suna nan. In ka leƙa ƙarƙashin sitiyari sai ka ce taliya aka juye.

Aikin Dattijuwa ɗaya ne a duniya. Kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Kawu zai fito da ita daga gidansa na Nassarawa GRA, ya ɗauki ƙullin goro da gurasa, ya nufi Gama wajen yayarsa, Inna Abu. Idonta ya daɗe da tafiya. Da hon take gane isowarsa: gajeru biyu, dogo ɗaya. Tun da matarsa Hajiya Asabe ta rasu shekaru da yawa da suka wuce, wannan tafiyar ce abin da yake jira duk mako. Ni ma nakan bi shi wani lokaci. Su zauna su yi ta musu a kan mutanen da suka mutu tun kafin a haife ni. A kan tagar ɗakin nata akwai wata 'yar mitsitsiyar fanka da ba ta aiki, wayarta na lilo. Na sha mamakin yadda Kawu bai taɓa tambayar inda wannan za ta ba.

Wata Juma'a a hanyar dawowa, hayaƙi ya taso daga ƙarƙashin sitiyari. Kawu ya tsaya a gefen titi, ya kashe wutar da ruwan butarsa, ya ƙaraso gida ya ce ba abin da ya faru. Sai dai hularsa ta ƙone gefe guda, ita ta tona shi. Labari ya kai Abuja wajen ɗansa na fari, Yaya Bashir, injiniyan hanyoyi. Kwana biyu sai ga shi.

Ya ja ni gefe ya ce, "Ni ba hayaƙin ne ya fi damuna ba, idonsa ne. Ya fara rauni. Amma wa zai tsaya ya faɗa masa?"

Na ce ba dai ni ba.

Sai ya bi ta hayaƙin. Ya ce motar ta zama haɗari, a ajiye ta, a nemo direba da wata motar. Kawu ya saurara har ƙarshe. Bai dubi ɗan nasa ba, don kun san shi da kunyar ɗan fari, ko sunansa ba ya faɗa. Ni ya duba.

"Uwata, gaya wa Injiniya motar nan lafiyarta ƙalau. Matattun wayoyi ne suka yi mata yawa. Ya ba ni zuwa Babbar Sallah. In ya dawo ya kawo duk mai wayarin ɗin da ya ga dama ya duba wutarta. In aka samu waya ɗaya tak da ba ta da aiki a cikinta, zan ba da makulli da hannuna."

Yaya Bashir yana zaune a gabansa, taku biyu tsakaninsu, amma sai da na juya na maimaita masa. Ya amince. Aka kira shaida ta kan katanga, wato maƙwabcinsa Malam Yohanna, tsohon hedimasta mutumin Wusasa, wanda suka shekara talatin suna musu ba su taɓa ɓatawa ba.

Washegari aka fara aiki a ƙarƙashin mangwaron tsakar gida. Kawu ya kwanta rigingine a ƙasan sitiyari, ƙafafunsa a waje, da filaya da sukudireba da salatif. Malam Yohanna ya zauna a kujera da biro, don shi ne mai kyan rubutu. An yayyanka kwalin shayi ƙanana, an huda, an zura zare. Dokar Kawu ita ce kowace waya sai an ɗaura mata takarda, wadda za ta zauna da wadda za ta fita. Sai ka ji murya daga ƙasa: "Rubuta, ta rediyon likita." Can kuma: "Rubuta, ta fitilun mai son ado." Wani lokaci a daɗe ana lalube, sannan: "Rubuta, ba a san asalinta ba, ana bincike."

Ni kuwa da na taso daga makarantar da nake koyarwa sai in biyo, a zaunar da ni a kujerar direba. "Uwata, taka birki. Saki. Kunna sigina. Me kika gani?" Ni da ban san bambancin batir da fis ba, me zan gani? In na ce ban ga komai ba, ya ce madalla. In na ce wani abu ya kama, nan ma ya ce madalla. Har yau ban san wanne ne muke nema ba.

A mako na biyu ne hon ya koma jikin birki. Yadda aka yi, Allah kaɗai ya sani. Ka taka birki, mota ta yi ƙara. Ka danna hon, shiru. Ranar kuwa Alhamis ce.

Malam Yohanna ya ce, "Sule, gobe ka haƙura da Gama. A aikin tarho in ka yi kuskure, iyaka a ji muryar wani. Nan fa mutum ne a ciki."

"Yohanna, kai rubutu aka ɗauke ka."

Aka tafi, da ni a gefe, don na kasa barinsa shi kaɗai. Kun san cunkoson hanyar Gama ranar Juma'a. Taku ɗaya birki, taku ɗaya birki, kowane birki kuma da ƙararsa. Masu adaidaita sahu suka yi ta waiwaye. Wani ya leƙo ya ce, "Baba, don Allah ina kake so mu matsa maka? Sama?" Kawu ya ɗaga masa hannu cikin mutunci, ya sake taka birki. Ni dai na ja mayafi na rufe fuska, ina addu'ar kada wata ɗalibata ta gan ni.

Da muka isa, Inna Abu tana tsaye a bakin zaure, ta dafa bango.

"Sule, tun daga bakin titi nake jin ka. Na ce ko amarya ka ɗauko."

"Gyara nake, Yaya."

"To Allah ya sa a gama gyaran muna raye."

Bayan hon ya koma mazauninsa, sai sigina ta ƙulla zumunci da abin share gilashi. In za ka juya dama, sai ya hau sharar gilashi a bushe. Kawu ya yi Juma'a biyu yana miƙa hannu ta taga, yana cewa ai da can haka ake yi kuma ba wanda ya mutu.

Wayoyin da ya cire kuwa ko ɗaya ba a yar ba. Igiyar shanyar gidan ta koma launi biyar. Ƙafar tabaransa da ta karye ya ɗaure ta da ja. Ƙyauren Malam Yohanna ya samu shuɗiya. Ni da na je gaishe shi da yara, ya ba kowannensu naɗi guda, ya ce su adana, jan ƙarfen da ne, ba irin na yanzu ba. Ƙaramar ta tambaye ni a mota ko ci ake yi.

Abin da ya fi rikita ni shi ne, aikin ya yi kyau. Sati guda kafin Sallah na leƙa ƙarƙashin sitiyari na ga fili fes. 'Yan wayoyin da suka rage an ɗaure su a jere, kowace da takardarta. Birki birki ne, hon hon ne. Sai a ɓangaren mai zaman gaba na hango wata rawaya, tsawonta bai fi taƙi ɗaya ba, ta leƙo daidai inda gwiwar mutum take. Bakinta a naɗe da salatif. Ba takarda.

"Kawu, ka manta da wannan."

"Tana aiki."

"Wane aiki? Ba a haɗe take da komai ba."

"Uwata, taka birki."

Na dubi Malam Yohanna. Ya duƙufa yana duba bakin bironsa kamar yau ya fara ganinsa.

Kwana biyu bayan Sallah Yaya Bashir ya zo da wani mai wayarin daga Hotoro, Malam Garba. Mutumin ya shiga ƙasan motar ya daɗe, ya buɗe gaba ya duba, ya buɗe baya ya duba. Ya fito yana kakkaɓe riga.

"Alhaji, wa ya yi wannan aikin? Shekarata ashirin a sana'ar nan ban taɓa ganin tsohuwar mota da tsabtar waya haka ba."

Kawu ya gyara zaman tabaransa mai jar ƙafa. Yaya Bashir ya yi murmushin wanda aka kayar. Ni har na fara murna. Sai Malam Garba ya zagaya ɗaya ƙofar, ya ga rawayar. Ya ɗora mata ɗan ƙwan gwajinsa, bai kama ba. Ya bi ta da yatsa har can ciki, ya tarar ɗaya bakin ma a naɗe yake, ba ya taɓa komai.

"Wannan matacciya ce. Bari in zare ta, shi ke nan an gama."

Ya miƙa filaya. Ban taɓa sanin Kawu na da sauri haka ba. Kafin filayar ta kai, ya riƙe wuyan hannun mutumin.

"Ba za a zare ba."

Yaya Bashir ya matso. Ina jin tausayin uban nasa ne ya kama shi, ganin wahalar da ya sha wata biyu. Ya ce, "Baba, ka ci. Na haƙura. A zare wannan ɗaya, ka riƙe makullinka."

"Uwata, gaya wa Injiniya ba za a zare ba."

"To me take yi, Baba? Ka faɗa mana aikinta kawai, sai a rubuta mata takarda a bar ta."

Mutumin da ya tsayar da nasihar malam don ya san aikin waya, yau an tambaye shi aikin waya ya rasa baki. Raina ya ɓaci. Na ce, "Kawu, ka cire wayoyi sun cika bokiti. Me wannan ta fi su? Saboda ita za ka bar zuwa wajen Inna da kanka?"

Ya sa hannu a aljihu, ya ciro makullin, ya kamo hannuna ya ɗora a tafina.

"Sharaɗi ni na kafa shi. Juma'a ƙarfe uku, Uwata. Kada ki makara."

Ya juya ya shige gida. Muka tsaya cirko-cirko. Malam Garba ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Ni fa ban gane ba. Motar ta ci jarrabawar ne ko ta faɗi?"

Na yi ta saƙe-saƙe. Na ce ko wani asiri ne aka ba shi na tsarin hanya. Na ce ko tsufa ne ya fara taɓa shi. Na ce ko shi ma ya san idon nasa ya gaza, ya nemi hanyar sauka da mutuncinsa. Da na gaji na tsallaka wajen Malam Yohanna na tambaye shi kai tsaye. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

"'Yata, ni rubutu aka ɗauke ni."

Haka na zama direban Juma'a, shekara guda da 'yan watanni. Ban taɓa yin tuƙin da ya gamshe shi ba. In na yi sauri, ina zan je? In na yi a hankali, jana'iza muka ɗauko? Ranar farko na yi hon a ƙofar Inna Abu, gajeru biyu dogo ɗaya, ta aiko a ce wannan ba hannun Sule ba ne. Daga ranar, in mun iso sai ya miƙo hannu ta gabana ya danna da kansa. Sauran hanyar kuwa yana zaune a gefe, ya kama bakin rawayar wayar nan yana murzawa a hankali kamar carbi, yana kallon titi. Ganinsa a wannan kujerar yana ba ni tausayi ƙwarai, kuma ina jin haushinsa, don a ganina shi ya jawo wa kansa.

Ciwon da ya ɗauke shi bai yi mako biyu ba. Ranar sadakar uku, bayan mutane sun ragu da la'asar, muka ɗauki Inna Abu a Dattijuwa za mu mai da ita Gama. Ni ke tuƙi, ita a gaba, Yaya Bashir a baya. Tana ta shafa abubuwa da hannu yadda ta saba, ta shafa ƙofa, ta shafa kujera. Sai yatsunta suka faɗa kan wayar.

"Allah sarki. Ashe wayar Asabe tana nan."

Na gangara gefen titi na tsaya.

Yaya Bashir ya ce, "Wayar wa, Inna?"

"Ta uwarka mana. Bazarar da ta yi ciwon ajalinta, sau uku a mako yake kai ta asibiti a motar nan. Zafi yana wahalar da ita, ba ta iya numfashi. Ya je ya sayo 'yar fanka, ya kafa mata a nan da hannunsa, tana kallon fuskarta. Kai kana karatu a ƙasar waje, ke kuma kina gidan aurenki a Zariya. Da ta rasu ya ciro fankar ya kawo mini, ya ce in ajiye, ba zai iya ganinta tana juyawa ba kowa a kujerar ba. Ita ce a kan tagata."

Da Yaya Bashir ya buɗe baki, muryarsa ta canza. "To me ya hana shi faɗa? Kalma ɗaya fa. Da na bar masa makullinsa."

"Ya faɗa wa wa? Kai ɗansa na fari? Mutumin da ya zauna da mace shekara arba'in bai taɓa kama sunanta a gaban mutane ba, kullum sai dai mutanen gida? To da aka ce a rubuta wa wayar takarda, sunan wa za a rubuta?"

Da muka isa, Yaya Bashir bai jira an gama shigar da Inna ba. Ya shiga ya ɗauko fankar, ya goge ta da hannun rigarsa, ya durƙusa a ƙasa a bakin ƙofar motar da farar shaddarsa. Injiniyan hanya ne, ba na wuta ba. Ya kwance salatif, ya haɗa wannan bakin, ya lalubo ɗayan ya cusa inda yake zaton nan ne. Ya ce in murɗa makulli. Na murɗa.

Hon ya ɗauka, ya ƙi tsayawa.

Inna Abu ta leƙo daga zaure ta ce, "Sule sak." Muka yi dariya har da hawaye, daga nan kuma ban san lokacin da dariyar ta ƙare hawayen suka ci gaba ba. Ya zare, ya sake gwada wani wurin. 'Yar fankar ta yi ƙara kaɗan, ta girgiza, ta fara juyawa. Iskarta na bugun kujerar gaba, daidai inda fuskar mutum za ta kasance. Muka bar ta tana yi, ba wanda ya ce a kashe.

Motar tana wajena yanzu, fankar na nan a mazauninta. Malam Yohanna ya kawo kwalin shayi da bironsa ya tambaye ni ko a rubuta mata takarda. Na ce a bar ta yadda mai ita ya bar ta.

Allah ya jiƙan Kawu Sule, ya yafe masa kurakuransa, ya sanyaya masa makwanci kamar yadda ya nemi sanyaya wa baiwar Allahn nan. Ya sada shi da mutanen gidansa a Aljanna. Amin.